Yadda ake soya naman sa da burokoli irin na Sinawa a murhun gida

Wata malama ta aiko da tambaya cewa ta ci naman sa da burokoli a wani gidan abinci na Sinawa, ta iske naman da laushi ƙwarai, burokolin kore shar yana garas-garas, miyar kuma ta kama jikinsu tana sheƙi. Da ta gwada a gida sai naman ya yi tauri, burokolin ya caɓe ya canza launi, ruwa kuma ya taru a gindin kasko. Tana so ta san ko akwai wani sinadari da masu gidajen abincin suke ɓoyewa, ko kuwa dole sai ta sayi kaskon nan na Sinawa mai zurfi kafin girkin ya yi kyau.

Malama, babu wani sinadari da ake ɓoye miki, kuma kaskon ba shi ne matsalar farko ba. Abubuwa ukun da kika lissafa duk daga tushe ɗaya suka fito, wato ruwa ya yi wa wutarki yawa. Murhun da ake amfani da shi a manyan gidajen abinci na Sinawa yana fitar da zafin da ya ninka na gas ɗin gida ninki-ba-ninki, saboda haka duk ruwan da nama ko ganye ya fitar yana ƙonewa nan take, suya ta ci gaba. A gida kuwa, da zarar kin juye nama rabin kilo a kasko lokaci ɗaya, zafin kaskon zai faɗi, naman ya saki ruwansa, daga nan kuma dafuwa kike yi, ba suya ba. Muddin akwai ruwa kwance a kasko, zafinsa ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali launin ƙasa-ƙasan nan da ƙamshin soyayyen nama ba sa fitowa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama. Duk abin da zan bayyana miki a ƙasa dabara ce ta hana ruwa ya rinjayi ƙaramar wutar da kike da ita.

Yana da kyau ki san asalin abincin, domin zai fahimtar da ke dalilin da ya sa ake bin wasu matakan. A lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin, inda salon girkin Kanton ya fito, ana soya naman sa ne da wani ganye da suke kira gai lan, mai dogon kara da faffaɗan ganye da ɗan ɗaci-ɗaci. Mutanen wannan lardi, musamman na yankin Taishan, su ne akasarin Sinawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka tun lokacin da aka gano zinariya a Kalifoniya a 1848, da kuma lokacin shimfiɗa layin dogo a shekarun 1860. Jikokinsu da waɗanda suka biyo bayansu suka buɗe gidajen abinci, gai lan kuma ba ya samuwa cikin sauƙi a can, sai suka koma ga burokoli, wanda manoma 'yan asalin Italiya suka yaɗa nomansa da cinikinsa a Amurka tun daga shekarun 1920. Abin da kika ci ke nan, girkin Kanton da aka yi da ganyen da aka samu a Amurka. Burokoli ya fi gai lan kauri, kansa kuma cike yake da ƙananan furanni masu riƙe ruwa, shi ya sa yake buƙatar a yi masa nasa shiri daban kafin ya haɗu da nama.

Bari mu fara da naman, domin a nan ne aikin ya fi yawa. Sinawa sun fi son tsokar gefen ciki, wadda take shimfiɗaɗɗiya mai zare a bayyane. Idan mahaucinki zai ba ki tsokar da ke kwance a gefen ƙashin baya, ta fi kowace laushi, tsokar cinya ma tana yi idan aka yanka ta daidai. Ki guji naman ƙwauri da na wuya da na ƙirji, domin jijiyar da ke cikinsu ba ta narkewa sai da doguwar dafuwa, wannan girki kuwa naman ba ya wuce minti 2 zuwa 3 a kan wuta gaba ɗaya. Akwai wani abu da littattafan girki na ƙasashen waje ba sa faɗa, domin ba su san da shi ba. Shanunmu, irin su Bunaji da Rahaji da Gudali, shanun kiwo ne masu doguwar tafiya, namansu ba shi da kitse a cikin tsoka sosai, kuma yawanci ranar da aka yanka ake sayar da shi. Nama yana sandarewa cikin sa'o'in farko bayan yanka, sai daga baya ya fara saki. Idan kina da firiji mai sanyi da wutar da za ki dogara da ita, ki bar naman a rufe kwana 1 ko 2 kafin ki yi aiki da shi, za ki ga bambanci.

Yanka shi ne rabin laushin. Tsoka kamar ɗaurin tsintsiya take, zare-zare ne dogaye da suka kwanta a jere. Idan kika yanka a tsawon zaren, haƙori ne zai yi aikin tsinka shi, idan kuma kika gitta wuƙa a kansa, kin riga kin tsinka shi gajeru-gajeru tun a kan katako. Ki ɗora naman ki duba inda layukan suka nufa, ki fara raba shi gida biyu ko uku a tsawon layin yadda kowane yanki faɗinsa zai kai santimita 5, sannan ki juya ki riƙa yankawa a gicciye, wuƙar a ɗan kishingiɗe, kaurin kowane yanka kada ya wuce milimita 3 zuwa 4. Ɗanyen nama yana zamewa a ƙarƙashin wuƙa, don haka ki sa shi a firiza na minti 30 zuwa 40 ya ɗan ƙame ba tare da ya daskare ba, ki kuma wasa wuƙar. Ki cire duk wata farar yana da ke bayan tsokar, domin zafi yana sa ta tattare ta murɗe naman. Abu ɗaya da zan roƙe ki shi ne kada ki tafasa naman tukuna kamar yadda muka saba idan za mu soya nama. Tafasar za ta fitar da ruwan da muke so ya zauna a cikin tsoka, abin da zai rage kuma babu dabarar da za ta mayar masa da laushi.

Sai jiƙon naman, wanda shi ne ya fi kusa da abin da kike zaton ana ɓoyewa. Ga nama rabin kilo, ki zuba bekin soda rabin ƙaramin cokali, soya sos (ruwan ɗanɗano mai gishiri da ake yi da waken suya) mara duhu babban cokali 1, da ruwa babban cokali 2, ki murza da hannu har naman ya shanye ruwan ya fara danƙo. Bayan haka ki barbaɗa sitacin masara babban cokali 1, wato farin garin nan mai santsi da ake sayarwa a gwangwani ko kwali, ba garin tuwo ba kuma ba kastad ba, ki sake murzawa, a ƙarshe ki zuba man gyaɗa babban cokali 1 ki gauraya. Ki rufe ki sa a firiji minti 30. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikinsa. Bekin soda yana rage tsamin da ke jikin nama, hakan yana hana zaren tsokar matsewa sosai idan ya ji zafi, sai ya riƙe ruwansa. Sitacin yana yin wata siririyar riga a bayan kowane yanka, tana kare shi daga zafin kasko kai-tsaye, ita ce kuma take ba shi santsin nan da kika ji a baki, daga baya kuma ita miyar take kamawa. Man kuwa yana raba yankan kada su dunƙule wuri ɗaya. Ki lura da cewa bekin soda daban, bekin fauda na kek daban, na biyun ba zai yi wannan aiki yadda ya kamata ba. Kada kuma ki ƙara sodar da nufin ƙarin laushi, domin idan ta yi yawa naman yana ɗaukar ɗanɗanon sabulu, jikinsa ya yi laushin da ba shi da daɗin tauna. Na san hankali zai tafi ga kanwa, tunda aikinsu ya yi kama, amma ba na ba da shawararta a nan, saboda ƙarfinta ya bambanta daga wani ɓari zuwa wani, ba za ki iya auna ta da cokali ki tabbata ba, kuma ɗanɗanonta yana fitowa fili a girkin da ba a daɗe ana dafawa ba.

Burokoli mai kyau yana da kai a matse, kore mai duhu, ba tare da alamar ruwan ɗorawa a furanninsa ba. Ana noma shi a Jos saboda sanyin yankin, kuma wanda ya iso kwanan nan ya fi wanda ya daɗe a kanti nesa ba kusa ba. Gram 400 zuwa 500 ya isa ga rabin kilo na nama. Ki ɓalle shi gutsi-gutsi daidai loma, masu girma ɗaya, ki jiƙa a ruwan gishiri na 'yan mintoci saboda ƙananan ƙwari da ke ɓoyewa a tsakanin furannin. Kada ki yar da karan. Ki fere bayansa mai tauri, ki yanka cikinsa falle-falle, ya fi kan zaƙi, kuma shi ne ya fi kama da gai lan na asali. Ki tafasa ruwa mai yawa da gishiri, ki zuba burokolin, ki ƙirga daƙiƙa 60 zuwa 90 kawai, ki kwashe. A lokacin zai yi kore shar, cokali mai yatsu zai shiga karansa amma da ɗan turjiya. Launin da kika ga ya canza miki a baya alama ce ta cewa ya daɗe a wuta, domin sinadarin da ke sa ganye kore yana lalacewa idan dafuwa ta yi tsawo. Daga nan ki baza shi a kwando ko a kan tsabtataccen ƙyalle ya tsane sarai, ki girgiza shi, domin kan burokoli yana ɓoye ruwa fiye da yadda ido yake gani, kuma wannan ruwan ne yake tsinka miya a minti na ƙarshe.

Miyar kuma a kwano ake haɗa ta tun kafin a kunna wuta. Ginshiƙinta shi ne oyista sos, wani ruwa mai kauri da duhu da ake yi daga romon wata halittar teku mai ɓawo da ake kira oyista. Kamfanin Lee Kum Kee yana danganta farkonsa ga wanda ya kafa shi, Lee Kum Sheung, a Guangdong a shekarar 1888, kuma har yau ana yawan amfani da shi a girkin Kanton. Ki haɗa oyista sos babban cokali 2, soya sos mara duhu babban cokali 1, soya sos mai duhu ƙaramin cokali 1 saboda launi, sukari ƙaramin cokali 1, ɗan farin masoro, da romon nama ko na kaza mara gishiri mililita 120, wato kimanin rabin kofi. A wani ƙaramin kwano daban ki dama sitacin masara ƙaramin cokali 2 da ruwan sanyi babban cokali 2. Kada ki ƙara gishiri ko dunƙulen ɗanɗano, domin oyista sos da soya sos gishirinsu ya isa har ya yi saura, kuma dunƙulen zai danne ɗanɗanon da kike nema ya mayar da girkin irin wanda kika saba ci kullum.

Akwai batun da ya kamata in faɗa miki a fili. Girkin na asali ana zuba masa giyar shinkafa ta Shaoxing, a jiƙon nama da kuma a kasko. Ki bar ta gaba ɗaya, romon da citta za su kawar da ƙarnin nama, kuma Musulmin Sin, al'ummar Hui, sun shahara da girkin naman sa ba tare da ita ba. Soya sos da aka yi ta hanyar dogon jiƙo yakan ɗauki ɗan burbushin barasa daga tsarin haɗa shi, shi ya sa wasu kamfanoni suke fitar da mai shaidar halal, don haka ki karanta jikin kwalba kafin ki saya. Game da oyista kuwa, mazhabar Malikiyya da akasarin mutanenmu suke bi ta halatta halittun teku, Hanafiyya ce ta taƙaita ga kifi. Wanda ba ya so, ko jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan halittu, akwai irinsa da ake yi da naman kaza na tsiro, yana kuma yin aikin sosai.

Yanzu ga kasko da wuta. Kaskon Sinawa na ƙarfe, wanda suke kira wok, an yi gindinsa zagaye ne domin ya zauna a cikin harshen wuta mai ƙarfi. A kan gas ɗin gida, gindin nasa kaɗan ne yake taɓa wuta, saboda haka faffaɗan kasko mai nauyi da shimfiɗaɗɗen gindi sau da yawa ya fi shi amfani. Idan za ki sayi wok, ki nemi mai shimfiɗaɗɗen gindi. Kaskon da aka shafa wa abin hana kamu bai dace da irin zafin da ake buƙata ba, domin shafen yana lalacewa. Murhun gawayi da ya kama sosai, ana yi masa fifita, yana iya ba ki zafin da ya fi na ƙaramin gas, kuma zagayayyen kasko yana zama daram a bakinsa. Man gyaɗa shi ne daidai, shi ne ma mutanen Kanton suka saba soya abinci da shi, domin yana jure zafi. Ki dafa farar shinkafarki tun da wuri, ba mai ba gishiri, ki yanka tafarnuwa ƙwaya 3 da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, ki jera komai kusa da hannunki, domin da zarar an fara babu lokacin neman cokali.

Ki ɗora kaskon babu komai a ciki, wuta a ƙarshenta, har sai ɗigon ruwa ya ƙone nan take idan ya faɗa. Ki zuba mai babban cokali 1 da rabi ki juya ya zagaye, sannan ki shimfiɗa rabin naman kawai, kowane yanka yana taɓa ƙarfe. A nan ne mafi yawan mutane suke ɓata girkin, domin hannu yana ƙaiƙayin juyawa. Ki ƙyale shi daƙiƙa 45 zuwa minti 1 ba tare da kin taɓa ba. Ki saurari ƙarar: muddin tana da kaifi tana tartsatsi, suya ake yi, idan kuma ta koma ɓararraka kika ga kumfa mai launin toka a gefen naman, ya yi yawa a kaskon ko wutar ta gaza, sai ki rage shi nan da nan. Idan gefen yankan ya yi launin ƙasa-ƙasa, ki juya, ki ba shi wasu daƙiƙa 30, ki kwashe a faranti tun yana da sauran ja kaɗan a ciki, zai ƙarasa a cikin miya. Ki bar kaskon ya sake ɗaukar zafi, ki ƙara mai, ki yi wa sauran rabin haka. Idan kaskonki ƙarami ne, ki raba naman gida uku.

Ki ɗan rage wuta, ki zuba cittar da tafarnuwar a ɗan man da ya rage, daƙiƙa 15 zuwa 20 kawai har ƙamshi ya tashi, domin tafarnuwa tana ƙonewa da wuri kuma ɗacinta ba ya gyaruwa. Ki mayar da wuta sama, ki zuba burokolin ki juya na daƙiƙa 30, ki dawo da naman tare da ruwan da ya tsatso a farantin. Ki zuba haɗin miyar ta gefen kasko yadda za ta bi ƙarfe mai zafi kafin ta isa tsakiya, hakan yana ƙara mata ƙamshi. Da ta tafasa, ki sake motsa sitacin da ke ƙaramin kwano, domin yana kwantawa a ƙasa, ki zuba rabinsa kina juyawa. Sitaci ba ya nuna ainihin kaurinsa sai ya tafasa, saboda haka ki jira daƙiƙa 20 ki gani kafin ki ƙara. Abin da ake nema shi ne miyar ta lulluɓe nama da ganye tana sheƙi, ɗan kaɗan kuma ya rage a gindi wanda zai jiƙa shinkafa. Ki kashe wuta, sannan ki ɗiga man riɗi na gasasshen riɗi ƙaramin cokali 1, wanda ƙamshinsa yake gudu idan aka soya shi, ki watsa yankakken lawashin albasa idan kina so.

Wannan girki ba shi da yaji a asalinsa, kuma ina ganin ya kamata ki yi shi haka a karon farko domin ki san ɗanɗanonsa na gaskiya. Bayan haka, idan mutanen gida ba sa cin abinci sai da yaji, ki yanka attaruhu guda ɗaya ki sa tare da citta da tafarnuwa, ko ki ajiye dakakken yaji a gefe kowa ya ɗiba. Idan baƙi za ki yi wa, kada ki ninka kayan a kasko ɗaya, ki shirya komai ninki biyu amma ki soya sau biyu, kowane zagaye bai fi minti 6 zuwa 7 ba. A kai shi gaban masu ci yana sauka daga wuta, domin idan ya zauna a kula mai murfi, tururi zai ci gaba da dafa burokolin, miyar kuma ta tsinke. Abin da ya rage a sa shi a firiji da zarar ya huce, washegari a ɗumama shi a kasko mai zafi da ruwa cokali 1 ko 2 na ɗan lokaci kaɗan.